Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Manyan Duniyoyi Huɗu da Masu Lissafin Paris

Shugaba, yayyenmu da suka kafa wannan ƙungiya, 'yan uwa na nan Paris da waɗanda suka sha hanya daga Lyon tun da asuba, sannunku da zuwa Montreuil.

Da kwamiti ya ce in yi magana a wannan taro na tunawa da kafuwar ƙungiyarmu, sai na ce zan yi ta ne a kan manyan duniyoyi huɗu da ke can nesa da rana. Na san wani zai ce a ransa: ga maganar kuɗin haya, ga maganar takardar zama, shi kuma wannan ya kama sama. To ku ba ni minti 20. Ni injiniya ne, aikina na digirin dakta a kan na'urorin awo yake, kuma abin da ya ja ni ga waɗannan duniyoyi shi ne labarin awo da lissafi. Yawancin labarin a garin nan ya faru. In kun hau metro layi na 9 daga Mairie de Montreuil, kuka sauya zuwa layi na 6 a Nation, kuka sauka a Denfert-Rochereau, kun isa gidan kallon taurari na Paris, wanda aka kafa a 1667.

Bari mu fara sanin su waye. Duniyoyi 8 ne ke zagaya rana. Huɗu na kusa, har da tamu, ƙanana ne, dutse da ƙarfe. Huɗu na nesa su ne ƙattai. Biyu daga cikinsu malamanmu na gida sun san su tun da daɗewa da sunayensu na Larabci, Mushtari da Zuhal, domin ana ganinsu da ido kamar yadda ake ganin Zara matar wata. Sauran biyun, Uranus da Neftun, sai da madubin hangen nesa aka gane su.

In muka ɗauki tsakaninmu da rana a matsayin taki 1, Mushtari na taki 5, Zuhal na kusan taki 10, Uranus na taki 19, Neftun na taki 30. Hasken rana yana iso mu cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu, amma sai ya yi sama da awa 4 kafin ya kai Neftun. Mushtari ita ce babbarsu. Nauyinta ya ninka na duniyarmu sau 318, kuma in aka haɗa sauran duniyoyi 7 a sikeli ɗaya, ta ninka su sau biyu da rabi. Duk da wannan jiki, ba ta cika awa 10 ba take juyawa sau ɗaya. Ita da Zuhal yawanci iskar haidirojin da hiliyam ce, babu ƙasar da za a taka. Zoben Zuhal, wanda kowa ya sani a hoto, gutsattsarin ƙanƙara ne. Faɗinsa daga gefe zuwa gefe ya kai kilomita 280,000, kaurinsa kuwa a wurare da yawa bai fi tsayin bene mai hawa uku ba. Uranus a kwance take birgima, shekararta ɗaya shekarunmu 84. Ta Neftun 165 ce, don haka tun da aka gano ta sai a 2011 ta gama zagaye ɗaya. Kumbo guda ne kawai ya taɓa ziyartar waɗannan biyu na ƙarshe, wato Voyager 2, wanda ya wuce Uranus a Janairun 1986, ya wuce Neftun a Agustan 1989.

To yaya aka yi mutum ya san abin da ke wannan nisa? A nan maganata take.

Ku ɗauki mai shago a kasuwar Maraɗi ko ta Kwari a Kano. Kullum da yamma yana ƙirga ciniki ya gwada da littafi. In yau an sami rarar dala goma, gobe giɓin dala biyar, jibi daidai, wannan kuskuren ƙirga ne, ba ya hana shi barci. Amma in ya lura duk ranar Juma'a jaka ɗaya ke ɓacewa, to ya san akwai hannu a ciki. Ruwa ba ya tsami banza. Mu ma a ɗakin gwaji haka muke: akwai abin da lissafi ya ce, akwai abin da na'ura ta auna, tsakaninsu kuma akwai ɗan giɓi. Tarihin manyan duniyoyin nan tarihin mutanen da suka ƙi share wannan giɓi ne.

Na farko wani baƙo ne ɗan Danmak, Ole Rømer, wanda ya zo Paris a 1672. A lokacin shugaban masu kallon taurari na nan shi ma baƙo ne, Cassini, ɗan Italiya. Aikin da suke yi na gwamnati ne tsantsa. Mushtari tana da wani wata mai suna Io, wanda ke shiga inuwarta duk bayan awa 42 da rabi. Tunda ana iya ganin wannan daga garuruwa daban-daban a lokaci guda, sai ya zama agogon sama da ake gwada nisan gabas da yamma da shi, a gyara taswira. Da wannan hanya aka gano Faransa ba ta kai faɗin da tsofaffin taswirori ke nunawa ba. Sai dai agogon yana da wata ɗabi'a. In duniyarmu na matsowa kusa da Mushtari, Io kan yi sammako. In tana nesantar ta, yakan makara. Rømer ya ce ba watan ne ke makara ba, hasken ne ke buƙatar lokaci kafin ya ƙetare ƙarin tazarar. A 1676 ya faɗa tun kafin lokaci cewa husufin Io na 9 ga Nuwamba zai yi jinkirin kusan minti 10, kuma haka ta faru. Wannan ce hujja ta farko cewa haske ma tafiya yake yi. Yana da shekara 32, kuma maigidansa Cassini bai yarda da shi ba. Ƙiyasinsa shi ne haske na ɗaukar minti 22 ya ratsa faɗin zagayen duniyarmu, yau mun san bai kai minti 17 ba. Adadin ya kauce, amma ya gano dalilin.

Na biyu shi ne wanda na fi so, Alexis Bouvard. Makiyayi ne daga duwatsun Savoie, an haife shi a 1767. Yana ɗan shekara 18 ya shigo Paris, ba makaranta mai suna, ba ubangida. Yana zuwa laccocin kyauta yana koyon lissafi, har ya zama mai yi wa babban masani Laplace lissafi da hannu. A zamaninsa an riga an gano Uranus. William Herschel, makaɗi ɗan Jamus mazaunin Ingila, ya hango ta ranar 13 ga Maris 1781 daga bayan gidansa a garin Bath. Daga baya aka gane cewa wasu sun sha ganinta tun 1690, suna rubuta ta a matsayin tauraro kawai.

Bouvard ya zauna yin jadawalin tafiyar Uranus, ya buga shi a 1821. Sai ya ci karo da matsala: tsohon awo da sabon awo sun ƙi shiga hanya ɗaya. In ya bi na da, na yanzu ya kauce. In ya bi na yanzu, na da ya kauce. Dole ya zaɓa, ya zaɓi sabon awo. Amma ku ji abin da ya yi. Ya rubuta a gabatarwar aikin cewa ga abin da ya ajiye gefe, kuma ya bar wa na gaba su tantance ko tsohon awon ne ba shi da kyau, ko kuwa akwai wani abu da ba a gani ba da ke jan duniyar. Bai ɓoye ba. Shekaru na tafiya, Uranus na ƙara kauce wa jadawalin. Zuwa 1845 giɓin ya kai kamar kashi 1 cikin 15 na faɗin cikakken wata a sama. Da ido ba za ka ce akwai wani abu ba. Bouvard ya rasu a 1843, bai ga ƙarshen labarin ba.

Wanda ya ɗauki aikin shi ne Urbain Le Verrier, kuma 'yan uwana injiniyoyi sai ku gyara zama. Ya fito daga École Polytechnique, ya fara aiki a hukumar taba ta gwamnati yana binciken sinadarai, daga baya ya koma lissafin taurari. A 1845 François Arago, shugaban gidan kallon taurari, ya ba shi shawarar ya duba matsalar Uranus. Lissafin da aka saba shi ne ka san inda duniya take da nauyinta, ka fitar da yadda za ta ja maƙwabciyarta. Le Verrier ya juya shi: ga jan da ake yi wa Uranus, ina mai jan yake, kuma nawa ne nauyinsa? Kamar ka ga sawu a rairayi ka faɗi girman raƙumin da inda ya nufa. Ya yi wata da watanni da alƙalami da takarda. Ranar 31 ga Agusta 1846 ya gaya wa majalisar masana kimiyya ta Paris inda za a duba.

Abin mamaki, a nan gida babu wanda ya tashi tsaye ya duba. Sai ya rubuta wasiƙa zuwa Berlin, ga Johann Galle. Wasiƙar ta isa ranar 23 ga Satumba. A daren nan Galle da wani ɗalibi, Heinrich d'Arrest, suka juya madubi wajen. Galle na kiran taurarin da yake gani, ɗalibin na duba sabuwar taswirar sama, har suka zo kan wanda babu shi a taswira. Ba su cika awa guda suna nema ba. Tsakanin inda Le Verrier ya nuna da inda aka same ta bai kai faɗin wata biyu ba. Neftun ke nan, duniyar da ta ninka tamu nauyi sau 17, tana nisan kilomita biliyan 4.5. A Ingila ma wani matashi, John Couch Adams, ya yi irin wannan lissafi shi kaɗai, abin da ya jawo gardama tsakanin ƙasashen biyu. Mutum-mutumin Le Verrier na tsaye a farfajiyar gidan kallon taurarin, ana hango shi daga ƙofa, kabarinsa kuma na maƙabartar Montparnasse.

Kar mu yi saurin cewa duk giɓi sabuwar duniya ce. A 1859 shi dai Le Verrier ya gano cewa Utarid, duniyar da ta fi kusa da rana, ita ma tana kauce wa lissafi, kaucewar da ba ta kai kashi 1 cikin 40 na faɗin wata ba a shekara 100. Ya ce lalle akwai wata duniya a can ma, har aka raɗa mata suna Vulcain. An yi shekaru ana nema, babu ita. Sai a 1915 Einstein ya nuna cewa dokar janyowa ta Newton ce ke buƙatar gyara in an zo kusa da abu mai nauyi kamar rana. Sannan bayan gano Neftun, an ci gaba da ganin kamar Uranus na da sauran kaucewa. Neman mai laifin ne ya kai ga gano Fuluto a 1930, amma ta yi ƙanƙanta ƙwarai, ba za ta iya jan Uranus haka ba. Da Voyager 2 ya wuce Neftun ya auna nauyinta da kyau, sai aka ga adadin da ake amfani da shi ya zarce da kusan rabin kashi 1 cikin 100. A 1993 Myles Standish ya sa sabon adadin a lissafi, giɓin ya ɓace.

Kun gani, giɓi uku, amsa uku. Wani lokaci akwai abin da ba a gani ba. Wani lokaci dokar ce ba ta cika ba. Wani lokaci kuma wata lamba ce aka shigar ba daidai ba tun farko. Ranar da ka ga giɓin ba ka san wanne ne naka ba. Abin da ya haɗa ukun shi ne an warware su ne saboda wani ya rubuta awonsa yadda ya same shi, ya bar shi a inda na baya za su iske.

Ga ƙarami guda na zamaninmu. In duniya ta gifta gaban tauraro, hasken tauraron kan ɗauke. In tana da zobe, hasken zai ƙyafta kafin ta iso, ya sake ƙyaftawa bayan ta wuce. Ta haka aka gano zoben Uranus a 1977. A Yulin 1984, a wani shiri da André Brahic da Bruno Sicardy na Paris suka tsara, aka kalli Neftun daga ƙasar Chile. Tauraron ya ƙyafta na kamar daƙiƙa ɗaya, a gefe guda kawai. Zobe mai gefe ɗaya? Da sauƙi a ce gajimare ne, ko na'ura ce ta yi gardama. Amma an ga ƙyaftawar daga wani gidan kallon taurari na biyu a ƙasar, kuma ba a watsar da ita ba. A 1989 Voyager 2 ya ɗauko hoto: zoben nan yana da wasu gaɓoɓi masu kauri, sauransa siriri ne. An sa wa gaɓoɓin suna Liberté, Égalité, Fraternité, da ta huɗu Courage. Kalmomin nan uku da muke gani a goshin gine-ginen gwamnati duk lokacin da muka je bin layin takardu, su ne sunayen gaɓoɓin da aka gani suna zagaya Neftun a 1989. Yawancin zobban kansu kuwa sunayen mutanen da na ambata ne a kansu: Galle, Le Verrier, Arago, Adams.

Yanzu bari in sauko ƙasa, domin komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Yawancinmu a nan agogo ne ke bin mu. Kuɗin tallafin dakta shekara 3 ne. Takardar zama tana da ranar ƙarewa, kuma sabunta ta na rataye da ci gaban karatu. A gida ana waya ana tambaya, yaushe za a gama? Cikin wannan matsi za ka zauna da dare gaban kwamfuta, ga awo 40, 37 sun hau layi sumul, 3 sun bijire. Babu mai kallonka. Danna maɓalli ɗaya, zanen ya yi kyau, malamin da ke duba aikinka ya yi murmushi. Ko likitanci kake karanta, ko noma, ko tattalin arziki, ko tarihi, wannan dare zai zo maka. Ga mai tarihi, takarda ɗaya ce da ta saɓa wa labarin da yake son ginawa.

Ban ce kar a taɓa ajiye awo gefe ba. Bouvard ma ya ajiye. Wani lokaci waya ce ta kwance, ko zafi ya ruɗa na'ura. A nawa aikin ƙura da zafi su ne manyan abokan gaba. Abin da nake roƙo guda uku ne. Ka rubuta abin da ka cire da dalilin cire shi, a cikin aikin, inda mai karatu zai gani. Ka ajiye ɗanyen awonka da kwanan wata, ko da ka ga ba shi da amfani, domin awon 1690 sai bayan shekara sama da 150 ya biya kuɗinsa. Kuma ka kai giɓin gaban malaminka ko da kana ganin zai ɓata fuska. Rømer ya kai nasa gaban Cassini. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma in aka kama ɗayanmu ya gyara lambobi, ba shi kaɗai zai biya ba. Ƙannenmu da za su nemi gurbi a wannan ɗakin gwaji bayansa su ma za su biya.

Kar kuma mu ɗauka wannan ilimi na wasu ne mu 'yan kallo. Kun ji waɗanda suka yi aikin nan: ɗan Danmak, ɗan Italiya, makiyayi, makaɗi, ɗalibi mai riƙe taswira. Mu ma muna da namu da suka yi nisa don karatu. Muhammad al-Katsinawi ya bar Katsina, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. A zamaninmu, a Agustan 2018, masana na Senegal da na Amurka da na Faransa sun baza ƙananan madubai a ƙasar Senegal, suka auna ƙyaftawar tauraro yayin da wani dutse da ke bayan Neftun, wanda yanzu ake kira Arrokoth, ya gifta. Awon ya taimaka wa kumbon New Horizons da ya wuce kusa da dutsen ranar 1 ga Janairu 2019. A 2021 sun sake irin wannan aiki saboda kumbon Lucy, wanda ke kan hanyar duwatsun da ke raba hanya ɗaya da Mushtari. Maram Kaire, wanda ya jagoranci ɓangaren Senegal, yau akwai dutsen sama mai sunansa. Abin da irin wannan aiki ke buƙata shi ne ƙaramin madubi, kyamara, agogo mai kyau, sama mai duhu, da mutanen da za su rubuta gaskiyar abin da suka gani. Duhun sama kam muna da shi daga Agadas har Sakkwato in hazo ya kau, kuma duniyoyin sun fi hawa tsakiyar sama a can fiye da nan.

Aikin ma bai ƙare ba. Hukumar sararin samaniya ta Turai, wadda hedikwatarta ke nan Paris, ta harba kumbon JUICE daga Kourou ranar 14 ga Afrilu 2023. Zai isa Mushtari a Yulin 2031, ya binciki manyan watanninta masu ƙanƙara, musamman Ganimed, wanda ya fi Utarid faɗi. Hukumomin nan suna sakin bayanan kumbunansu a intanet kyauta bayan wani lokaci. Wanda ya iya lissafi da kwamfuta a Yamai ko Zariya zai iya buɗe su kamar na Orsay. Kafin 2031 wasunmu sun koma gida suna koyarwa, kuma ɗalibansu ne za su gaji irin halin da suka gani a wajensu game da awo.

Kafin nan ga ɗan aiki. 'Yan Lyon, kuna da gidan kallon taurari a Saint-Genis-Laval tun 1878, da ɗakin nuna sama a Vaulx-en-Velin. Mu na Paris muna da na La Villette. Wanda kuma ya sami aron madubin hannu mai ido biyu, ya jingina shi da taga don kar ya girgiza, ya nemi Mushtari. Ko cikin hasken garin nan za ka ga ƙananan ɗigo a gefenta, har huɗu in an yi sa'a. Ka zana inda suke a takarda, ka sa kwanan wata da lokaci. Gobe ka sake dubawa, za ka tarar sun sauya wuri. Wanda ya fi kusa da ita in sun jeru, sau da yawa Io ne, watan nan na Rømer. In mun haɗu a taro na gaba, ku zo da takardun mu gwada.

Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu shekaru masu albarka, ya maida 'yan Lyon gida lafiya. In akwai tambaya, ga ni.